Teburin Madobiya

"Imrana, mi ne ne wanga?"

Ummu Hani ta tsura wa gwangwanin da saurayinta ya ajiye a zauren gidansu na Bakura ido. Bikinsu ya matso, ga shi yau ya zo yana ta sosa ƙeya.

"Baƙin fenti ne na feshi, sanyin idona. Yayata Hindu ta ce a fesa wa teburin cin abincin nan, ya yi ƙyalli irin na kanti... don kada 'yan ganin ɗaki su gane aikin gida ne."

Aikin gida! Maganar ta soke ta har ƙahon zuciya. Teburin da Baba Sambo, mahaifinta, ya sassaƙa da katakon madobiya, yana yi yana hutawa saboda rawar da hannunsa ya fara? Tun da damina ta ɗauke yake gugarsa. Mai kawai ya rage ya shafa, zanen itacen ya fito.

"Wato kunyar hannun Babana kake ji?"

"Haba masoyiyata, ba haka ba..."

Gyaran murya suka ji. Ashe dattijon na bakin ƙofa, komai a kunnensa. Imrana ya durƙusa, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba Sambo ya ɗauki gwangwanin, ya jujjuya shi.

"A fesa, ɗiyata. Zamanki lafiya da dangin miji ya fi katako."

Murmushi yake yi, amma ita ta san mahaifinta. Hawaye suka ɓalle mata.

"Wallahi Baba ba a fesawa! In ba su son shi yadda kay yi shi, su bar ni gida tare da shi!"

Imrana ya tashi sumui-sumui ya hau babur ɗinsa. Kwanaki ba kira, ba saƙo. Ummu Hani ta rame, don son shi take kamar ranta, amma ko kusa ba ta yi nadama ba.

Wata safiya ta leƙa rumfar aikin Baba, sai ta daskare. Imrana ne, malamin makaranta guda, ya naɗe hannun riga yana murza mai a jikin teburin da tsumma, Baba na nuna masa. Kunyar surukuta ta hana shi ɗaga kai, gumi kuwa sharkaf. Itacen ya yi jajir, zanensa ya fito ɓaro-ɓaro.

"Na gaya wa Yaya Hindu ba a fesawa," ya ce a hankali da Baba ya fita. "Ki yafe mini, Hanina."

Ta juya masa baya don kada ya ga murmushinta.

Ranar da aka kai ta Talata Mafara, abokan ango suka shigo sayen baki. Amarya na lulluɓe, gum, ƙawaye na ta ja musu rai. Hayatu, babban abokin ango, ya shafa teburin ya yi fito.

"Kai! Wanga daga Kaduna aka yi odarsa ko?"

Yaya Hindu, da ba ta riga ta tafi ba, ta yi caraf daga bakin ƙofa: "E mana, ai..."

"Babana yay yi shi."

Daga ƙarƙashin mayafi muryar ta fito, tar da ita. Nan take ɗakin ya kaure da sowa.

"Amarya ta yi magana ba a saya ba!"

"Ummu Hani kin kashe mana kasuwa!" ƙawaye suka hau salati.

Ko a jikinta. Ta ɗaga mayafin kaɗan ta dubi Hayatu.

"Malam Sambo kafinta, Bakura. In za ka faɗa wa wani, ka faɗi sunan daidai."

Imrana ya dube ta, ƙirjinsa ya cika fal.

"Ku biya su ninki biyu," ya ce wa abokansa. "Wanga baki ya fi ƙarfin kuɗinku."