Bikan da Ya Nuna Mini Maganin Ciki

Kafin ladan ya yi kiran farko na riga na ɗura albarushi a bindigata adaka, na rataya burgami, na soke barandami a ƙugu. Ban kira karnuka ba, don wannan fita ba ta kisa ba ce. Na leƙa ɗakin matata Ladingo, na same ta a naɗe kan tabarma, hannu biyu riƙe da ciki. Wata huɗu ke nan abinci ba ya zama mata, ta rame har munduwa na zamewa daga hannunta. Na ce mata sai na dawo, ta ɗaga kai kawai.

Baba Cindo wanzami ne ya fitar da ni. Yana da wani tsohon kundin ajami na magunguna da ya gada daga kakansa. Ran da ya fara zuwa duba Ladingo, ya tambaye ni abin da nake ba ta. Na bugi ƙirji na ce hantar gada, romon kan gwanki, da duk tsokar da ta fi maiƙo. A wurin maharbi ai nama shi ne ƙarfi, marar lafiya kuwa ƙarfi yake nema.

"Jatau," in ji shi, "da ka bar ta da ciwon shi kaɗai, da ya fi mata sauƙi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye. Ya buɗe kundin ya karanto mana. Mai ciwon ciki ya bar maiƙo kwana arba'in, ya riƙe kunun tsamiya tsararo da 'yar jar kanwa. Ya ci kaɗan, ya tashi da sauran yunwa. In ya ci kada ya kwanta, ya taka zuwa rijiya ya dawo. Duk mun yi. Ni nake riƙe ta muna tafiyar, matan unguwa na dariya wai Jatau ya koma ango. Kumburin ya sauka, amma murɗar ta ƙi tafiya. Sai Baba Cindo ya juyo shafin ƙarshe na kundin, wanda gara ta cinye rabinsa. Abin da ya rage a rubuce shi ne: in ciwo ya ƙi, a bi bika mai zawo, a ga abin da zai nema. Sauran bayanin gara ta tafi da shi.

Rana ta fito mini a bakin dajin Kwiyambana. Garken bika, manyan biran nan, ba ya wuyar samu, hayaniyarsu ke tona su, amma ni guda ɗaya nake nema. Wuni guda na yi ina tsugunawa kan kashin birai ina tonawa da tsinke, aikin da ko ga abokina ban taɓa faɗa ba. Washegari da hantsi, a gindin wani tsauni, na ci karo da kashi mai ruwa, da 'yan tsutsotsi a ciki. Kusa da shi ga sawun babban namiji, takunsa gajeru, yana yi yana zama.

Na barbaɗa toka na ga inda iska ta nufa, na zagaya ta ƙasanta. Can na hango shi, tsoho mai furfura a kafaɗa, zaune nesa da garke. 'Yan'uwansa na ta wawar ɗinya, shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya yar. Na ce a raina, ashe kai ma an hana ka. Da azahar sai ya yi abin da ya ɗaure mini kai: ya bar garken ya gangara shi kaɗai wajen ƙorama, kai tsaye, kamar mai zuwa gidan da ya sani. Na bi shi da rarrafe, ƙaya na cin gwiwoyina.

Ya shige wani surƙuƙi a bakin ruwa, bayansa kaɗai nake gani. Na ji ƙas, ya karya wani abu. Ina miƙa wuya don in gani, sai zabin daji da ke kiwo a hagu suka yi tsit. Na waiga a hankali. Bakin wutsiyar damisa ne ke motsi cikin gamba, ta lafe, idonta a kan tsohon.

Adaka harbi ɗaya gare ta. In na harba, bika ya gudu ban ga abin da yake ci ba. In na ƙyale, damisa ta tafi da shi da maganin duka. Tsoro ya kama ni, ba na damisar ba, na komawa wurin Ladingo hannu banza. Na yi ta jinkiri ina roƙon Allah tsohon ya juyo. Bai juyo ba, ita kuwa ta zabura.

Na danna kunamar bindiga. Hayaƙi ya rufe mini ido, na ji ihun bika, sannan na ji nauyi ya bugi ƙirjina. Harbin ya same ta a haƙarƙari, ta saki biri ta yo kaina. Farcenta ya tsarge mini kafaɗa har zuwa gwiwar hannu. Na zaro barandami na sara, na ƙara, har ta saki jiki. Fatar damisa ce, wadda kowane maharbi ke mafarki, amma ko juya ta ban yi ba. Na ɗaure hannuna da rawani na faɗa cikin surƙuƙin.

Bika ya tafi, ya bar guntun kunnensa da jini a ƙasa. Tsiro kuma ya fi iri goma a wurin. Na durƙusa na karanta ƙasar yadda nake karanta sawu. Ga ganye an zage an watsar, ga ɓawo an ɓare, ga tuƙa an tauna an tofar, da sauran yawu a jikinta. Na ɗauki tuƙar na sa a baki. Ɗaci ya hau mini har ƙeya, kuma ɗaci ne da na sani. Na dubi karyayyen reshen, sai dariya ta kama ni har raunin ya motsa. Shiwaka ce, irin wadda ke tsaye a bayan makewayinmu. Mu ganyen muke wankewa sai ɗacin ya fita mu yi miya, shi kuwa ganyen yake zubarwa, ya tsotse ɗacin da ke cikin ɗanyen reshe.

Da na isa gida Baba Cindo ya ɗinke mini hannu, ya rubuta abin da na gani a gefen shafin da gara ta ci. Ladingo ta riƙa tauna reshen safe da yamma tana tsine wa birin. Ran kwana tara ta tambayi ko akwai sauran tuwo. Ko shiwakar ce ta yi aikin, ko kunun da tafiyar ne suka kai lokacinsu, mun daɗe muna musu ni da Baba Cindo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wa ya koya wa dabba ɓare reshen.

Da kaka garken bika ya faɗa gonata ta masara. Na zo da adaka a ɗure, na saita babban da ke gaba. Ya juyo yana tauna, ya yi ƙiba, kunnensa na hagu guntu ne. Na sauke bindigar na zauna kan kunyar gona, na jira har ya ƙoshi.