Abin da Kika Ɓoye Min a Kwamfuta

Malama, ni ne, Kafintanki. Kin san rubutuna ba ya bin layi, ke kika saba gyara min, to ki karɓe shi yadda ya zo. Labarin kwamfutarki nake so in ba ki, don ke kaɗai za ki gane abin da ya same ni a makon nan.

Ranar Litinin da safe ina goge teburin da kike shirya darasi a kai, sai na ji sallamar Yayanki. Na yi masa tayin wurin zama, ya ƙi, kamar kullum. Shekara biyu da aurenmu bai taɓa zama a ɗakin nan ba. Baba, mahaifinki, kuwa, a sanina, ko ƙofar bai taɓa takowa ba.

"Kwamfutar marigayiya na zo karɓa," ya ce. "Auta ta samu makaranta, da ita za ta tafi. Baba ne ya saya, ba kai ba."

"Yaya, ai ba ta tashi. Ta daɗe a cikin akwati. Da na kunna ta kwanan baya, baƙin allo kawai ta nuna min da wani ɗan rubutu, ta tsaya nan."

"Ba matsala. A yi mata fomatin, a share komai, a zuba sabo. Aikin awa guda ne."

Na tuna ranar da kika ɗan samu sauƙi a asibiti, kika riƙe hannuna kika ce, "Akwai abin da na ɓoye maka a kwamfuta. An hana ni faɗa maka, amma ba a hana ni nuna maka ba. Bari in warke." Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Ba ki warke ba, ni kuma ban gani ba.

"Yaya, ka ba ni kwana uku. Akwai saƙona a ciki."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka tsaya a aji uku, me za ka karanta a ciki?"

Magana ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta. Shekara uku ana hana ni ke saboda ba ni da takarda, kina roƙona kada in taɓa mayar wa naki magana. Ban mayar ba kina raye, ba zan fara ba don kin tafi.

"Laraba da yamma," ya ce. "In ba ka kawo ba, zan zo in ɗauka yadda take."

Shago biyu na fara zuwa, masu gilashi da fanka. Duka bakinsu ɗaya: fomatin. Mai na biyun ma har ya zura filash ɗinsa na share komai kafin in riƙe masa hannu. Ranar Talata wani abokin aikina ya kwatanta min wani dattijo a ƙarshen layin masu gyara, a ƙarƙashin matakalar bene. Mai Rediyo ake ce masa, don da gyaran rediyo ya fara. Shagonsa bai fi faɗin gado ba. Tabarau biyu ne a fuskarsa, ɗaya a kan ɗaya, kuma a kwalin ƙwai yake jera ƙananan sukurori, kowane rami da nasa.

Na zayyana masa komai. Ya girgiza kai.

"Yaran yanzu kenan. Ka je musu da ciwon kai, su ce a sare kan. Mece ce sana'arka?"

"Kafinta ne ni."

"To in ƙofa ta ƙi buɗewa, gidan kake rushewa?"

"A'a, makullin nake dubawa."

"Madalla. Zauna."

Ya kunna ta, ya kara kunnensa a jikinta kamar likita. Ya daɗe haka.

"Faifan da ke riƙe da kayanta yana juyawa lafiya," ya ce. "Da ransa."

Ya sake kunnawa yana ta danna wani maɓalli, sai shuɗin allo ya fito. Ya nuna min da farcensa. Kwanan watan da ke jiki na wata shekara ce can baya, tun kafin in san ki.

"Ka gani? Ta manta ranar da take. Akwai ɗan batiri a cikinta, kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata lokaci da hanyar da za ta bi ta tashi. Ta daɗe a ajiye, ya mutu. Kayan suna nan, hanyar ce ta ɓace mata."

Ya kwance bayanta a hankali, ya ciro ɗan batirin da hantsaki, ya sa sabo, ya mayar da kowane sukuru raminsa. Ya koma shuɗin allon ya ɗora yatsu.

"Yau nawa?"

"Wata biyu da kwana shida," na ce.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kwanan wata na tambaye ka, ɗana."

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Wallahi Malama, ban san kwanan watan ba. Ni daga ranar da kika tafi nake ƙirge. Ya duba kalandar bangonsa ya rubuta, ya gyara wasu layuka biyu, ya danna.

Allon ya yi baƙi. Na rufe ido. Sai na ji ɗan sautin nan da take yi kowace safiya in kin buɗe ta. Da na buɗe ido, ga ki nan a tsakiyar ɗalibanki, alli a gefen mayafinki. A ƙasan hoton akwai jakar ajiyar bayanai ɗaya mai suna Kafinta. Wannan kam na iya karantawa.

Mai Rediyo ya buɗe jakar, ya miƙo min abin sawa a kunne, ya miƙe. "Bari in je in sha shayi. Mai shayin nan akwai nawa, zan daɗe."

Bidiyo ne. Ɗakinmu ne da rana tsaka, kin ajiye kwamfutar a tebur kamar kina aiki. A kan kujerar da na yi miki kuwa, Baba ne zaune, ya cire hula ya miƙe ƙafa.

"Wa ya yi kujerar nan?" ya ce.

"Surukinka mana, Baba. Duk zuwan da ka yi sai ka tambaya."

"Kuma ba ƙusa ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya shafa hannun kujerar. "Shekara uku ina kora yaron nan, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Na so in ba ki mai takarda, Allah ya ba ki mai hali. Na yi kuskure a kansa. Amma kada ki kuskura ki faɗa masa."

"To ka faɗa masa da kanka."

"Da wane baki? Ke dai ƙaro min ruwa, kafin ya taso daga aiki."

Da kika zo wucewa, kika leƙo allon kika kashe min ido ɗaya.

Sau huɗu na kalla. Na jiƙa wa bawan Allah tebur da hawaye. Da ya dawo ya juye min jakar a filash, ya cire ta daga kwamfutar, bai tambaye ni abin da ke ciki ba.

Laraba da la'asar na kai ta gidanku. Yaya ya kunna da kansa, ta tashi. Auta ta ga hotonki ta rungume kwamfutar tana kuka, ta ce ba mai share mata ko harafi ɗaya. Baba yana zaune a benci a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi.

"An ce ka gyara."

"Mai gyara ne ya gyara, Baba."

Ya juya yana kallon titi. Ya rame sosai, Malama. Can ya bubbuga bencin.

"Wannan yana girgiɗi. In ka samu sarari ka zo ka duba."

"Gobe, in Allah ya yarda."

"Ka zo da wuri. Kada ka ci komai a hanya, a nan za ka ci."

Da na mayar wa Yaya magana, ko na bari aka share komai don gaggawa, da har in mutu ina zaton Baba bai taɓa yarda da ni ba. Ashe zuciyar babba ma haka take, abin kirki yana nan a ciki, hanyar fitowa ce ke ɓace masa, kuma haƙuri ne ke nemo ta.

Filash ɗin yana aljihun rigata. Baba bai san na gani ba, zan bar shi ya faɗa da bakinsa ranar da ya samu iko. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, sai ke.