Mai Tufkar Igiya da Ɗalibar Furotin

Wata Lahadi Zaituna ta tsaya a rumfar masu igiya, kusa da shingen bodar Magama, riƙe da wani abu mai kama da taliyar da ta zube. Ɗalibar kimiyya ce, an sa ta haɗa samfurin furotin, sinadarin da ke gina jiki: sili huɗu, kowanne a murɗe, sun rungumi juna. Sau uku tana haɗawa da rama yana warwarewa.

Shafi'u mai tufka ya karɓa ya juya shi, yana danne dariya.

"Malama, duk gefe guda kika murɗa su. Kowane sili dama yake yi, in za a gama su kuma a yi hagu. In ba haka ba, ba su zama."

Ta buɗe littafinta da sauri. Haka zanen yake, ita ce ba ta lura ba. Kunya ta kama ta, son shi kuma ya shige ta.

Bayan sati biyu ya turo mata saƙo: "Farfesata, yau sau biyu na ɓata tufka, kuma laifinki ne."

Ta amsa: "Malamina, ka yi haƙuri, ni ma karatun ya ƙi shiga."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Maharazu kuwa ya ce sam. Ɗiyarsa mai karatun digiri ba za ta auri mai igiya ba, ga Yahya mai motocin Maraɗi yana jira. Zaituna ta yi kuka har ta rame.

Don ya kashe maganar, Alhaji ya kira samarin biyu zaure.

"Kowa ya faɗa mani, mi ɗiyata take karantawa?"

Yahya ya gyara hula. "Likitanci ne dai, Alhaji."

Shafi'u ya nemi izini, ya ciro rama daga aljihu. Ya murɗa sili huɗu a cinyarsa, ya gama su, yana bayanin yadda a furotin kowane sili ke da gefen da ba ya son ruwa, shi ke ɓuya a ciki. "Haka ta koya mani, Baba. Irin wannan na nan cikin jikinmu."

Alhaji ya karɓi igiyar ya jujjuya ta, sannan ya ce:

"Shekara huɗu ina tambayarta, sai ta yi ta bayani ina gyaɗa kai don kar in ji kunya. Sai yau na gane. Ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya riƙe hannunta.

"Ya fi ni sauraronki, Zaituna. Allah ya yi maku albarka."