Fuskar da Na Ara wa Tulu

Burodi na manta a shago, shi ya mayar da ni gab da magariba. Matata Mabruka kwana uku tana kwance ba ci ba sha, sai ranar ta ce burodi take so.

Aikina a garin Shahhat gyaran tukwanen Girkawan dā. Masu tonon kaburbura su kawo a farfashe, in liƙe, in cike zanen da ya goge, don masu saye a ƙetare ba sa son abu da giɓi. A makon da abin ya faru Miftah mai tono ya kawo wani baƙin tulu. A jikinsa an zana mata bakwai, hannu a ka, sun kewaye gawa a kan gado. Fuskar gawar ta ɓare.

"Sa mata fuska kawai, malam," in ji shi. "Uwarta ce za ta zo ta duba?"

Ni kuwa ban iya ƙirƙiro fuska ba, sai dai in ara. Hannuna ya zana wadda na saba gani, wallahi ban lura ba. A ranar ne Mabruka ta kwanta.

Da na koma ɗaukar burodin, ina buɗe ƙofar shagon na ji warin tsohon man zaitun da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai wani sauti siriri, kamar sauro a cikin kwalba.

Kuka ne. Daga kan tebur.

Na matsa. Matan zanen sun sauke hannuwansu. Huɗu sun kama ƙafafun gadon.

"Mun daɗe muna jira," wata ta raɗa. "Ba mu san wa za mu kai ba."

Na dubi gawar. Hancin Mabruka. Tabon haɓarta.

Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na ɗauki wuƙar aiki kamar da hannun wani.

Gadon ya ɗaga.

Na kankare. Ido, hanci, baki, har jan yumɓu ya fito.

Kukan ya ɗauke. Ladan ya fara kira.

A gida na tarar da wata mace zaune tana shan shayi.

"Ina burodin?" ta ce, da muryar Mabruka.

Shekara shida ke nan. Ta warke sarai, kowa yana ganin ta, har ana cewa ta yi ƙiba. Ni dai in na dube ta, daga goshi zuwa haɓa ba abin da ke zama a idona. In mun shiga kasuwa nakan riƙe gefen mayafinta, in jira ta yi magana.