Ciwon Zuciyar Ssenga Nabatanzi

"Sake faɗa, Dokta. Ban ji ba."

Na miƙe tsaye na riƙe ƙugu. Duk ajin ya juyo gare mu.

Dokta Ocaya ya gyara gilashinsa ya ce, "Sista Namakula, cewa na yi za a rage miki ma'aikatan jinya daga wata mai zuwa. Asibiti ba shi da hali."

"Kai za ka zo ka riƙa juya min marasa lafiya? Yaushe rabonka da wanke gyambo? Ko sai dai sa hannu a takarda?"

Ya rage murya. "Sista... wasan kwaikwayo ne fa."

Gaskiyarsa, wasa ne. Muna karatun digiri na biyu a fannin shugabancin asibiti, a nan Kampala, kuma darasin ranar shi ne yadda shugaba zai faɗa wa na ƙasa da shi labari mara daɗi. Sai dai ni a makon nan shugaban asibitinmu ya faɗa min irin wannan magana sak, na haɗiye ta. A kan wannan dogon bawan Allah na sauke. Na bugi tebur, kofin shayin Farfesa ya kife a wandon Ocaya.

Farfesa Atuhaire ta dube mu ta saman gilashi. "Madalla. Tunda kun iya faɗa haka, ku biyu za ku yi binciken zangon nan tare."

Haka aka haɗa ni da shi.

Ocaya likita ne daga Kitgum, can arewa, shi ke riƙe da wani ƙaramin asibiti. Magana a hankali, tafiya a hankali, cin abinci ma sai ka yi zaton addu'a yake yi. Ni kuwa a ɗakin jinyarmu ana jin muryata tun daga bakin ƙofa. Bincikenmu a kan doguwar jiran da masu ciki ke yi ne a wani asibitin unguwa. Kullum faɗa muke. Ni in ce laifin likitoci ne, shi ya ce, "Mu tambayi matan tukuna." Sai ya zauna a benci cikin masu ciki, gwiwoyinsa sun kusa kai wa haɓarsa, yana sauraronsu har su fara ba shi labarin mazansu.

Wata rana mun tsaya bakin titi muna cin burodin capati da ƙwai, ya ce, "Namakula, kin san tun ranar shayin nan ban sake samun natsuwa ba?"

"Ƙonewar ce ba ta warke ba?"

"Ta warke. Ke ce ba ki fita ba."

Na ƙware. Sai da ya bubbuga min baya.

Matsalar ita ce Ssenga Nabatanzi, ƙanwar babana. Ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayena, kuma a wurinmu ba a zancen aure sai da yardar Ssenga, wato gwaggo. Na durƙusa gabanta na faɗa mata.

"Kitgum?" ta ce. "A can ana samun matooke, ayabarmu ta dafawa?"

"Ana kaiwa, Ssenga."

"Ana kaiwa. 'Yar ɗan'uwana za ta zauna a garin da sai an kai ayaba a mota kamar magani. Me Ssempijja ya rasa?"

Ssempijja ɗan ajinmu ne, mai asibitin kuɗi a unguwar Ntinda. Ya shiga karatun ne don ya ƙara haruffa a allon ƙofarsa, shi da bakinsa ya faɗa. Ni bai taɓa ce min komai ba, Ssenga yake nema. Duk mako sai ya kai mata kaza da nonon ayaba, yana kiranta Maama.

Da bincikenmu ya yi kyau, Farfesa ta ba da sunana ga wani asibitin mishan a Gulu da ke neman mai gudanarwa. Suka ce in zo ganawa. Gulu kusa take da Kitgum, ga shi aikin da na yi shekaru ina mafarki. Ranar da na faɗa wa Ssenga, ta dafe ƙirji ta zame daga kujera a hankali, tana duba inda za ta sauka.

Kafin in ɗauko abin awon jini, Ssempijja ya iso da mota. Yadda aka yi ya sani da wuri haka, ban tambaya ba. Hankalina ya riga ya tashi.

Ya kwantar da ita a asibitinsa, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ja ni gefe da fuskar jimami. "Zuciya ce, Namakula. Ko labarin tafiya ta ji, ba na ɗaukar alhaki."

Na yi jinyar masu ciwon zuciya da yawa, ban taɓa ganin mai kumatu irin na Ssenga ba. Amma in mutum naka ne, ilimi guduwa yake yi. Na kira Ocaya ina kuka.

"Na fasa Gulu. Mu haƙura kawai."

Ya ce, "Me ake ba ta ta ci?"

"Ina maka zancen rabuwa kana zancen abinci?"

"Masoyiyata, me ake ba ta?"

"Kunun masara ba sukari. Da kabeji ba gishiri. Ssempijja ya ce dole a yi komai yadda ake wa masu zuciya, kada ma'aikatansa su yi surutu."

"To. Gobe da rana zan zo gaishe ta."

Ya zo da kwando a hannu. Ya gaishe ta da yarenmu, da Lugandarsa mai karyayyar ƙafa, har wata mai shara ta fita da gudu tana toshe baki. Ssenga ta juya fuska bango tana nishi.

Ya nemi izini ya riƙe hannunta, ya saurari ƙirjinta, ya daɗe. Na tsaya ina jiran ya ce lafiyarta ƙalau, a yi ta ta ƙare. Bai ce ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Maama, wannan zuciya ta yi aiki da yawa. Ita kaɗai ta yi rainon yarinya mai baki irin wannan."

Ssenga ta ɗan juyo. "Ka san ta ciji malaminsu tana aji biyu?"

"Ban yi mamaki ba."

Sai labari ya ɓalle. Yadda ta sayar da keken ɗinkinta ta kai ni makarantar jinya, yadda nake tsoron kaji, abubuwan da ban so kowa ya ji ba. Shi dai yana sauraro. Can muryarta ta canza.

"In ta tafi, wa zai riƙa yi min faɗa a gidan nan? Bangon zan riƙa yi wa magana?"

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Idona ya cika.

Ocaya ya ce, "Gidan mai gudanarwa a Gulu ɗaki uku ne, Maama. Akwai fili a baya. Sun ce ayaba ba ta yi sosai a can, amma ina ganin ba su samu wanda ya iya ba ne."

"Ba su iya ba ne," ta ce nan take.

Sai ya buɗe kwandon. Luwombo ne na kaza, an turara shi cikin ganyen ayaba, da matooke mai zafi da miyar gyaɗa. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ssenga ta dubi kwanon kabejinta, ta dubi kwandon.

"A likitance... ya halatta?"

"Ni na rubuta miki shi."

Tana kan cinya ta biyu Ssempijja ya shigo. Ya daskare a bakin ƙofa.

"Maama! Me muka yi da ke? Ba mun ce sai ranar ganawar ta wuce ba?"

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya riga ya fita.

Na juya na dubi Ssenga. Ta ci gaba da tauna, ta suɗe yatsa, sannan ta miƙa min hannu.

"Cire min wannan igiyar, Namakula. Kai kuma Ssempijja, ciwon ƙarya muka yi da kai, ba yunwar gaske ba. Mutumin da zai ba surukarsa kabeji ba gishiri, me zai ba matarsa?"

A mota ban yi mata magana ba. Na ƙudura sai ta ba ni haƙuri. Ba ta bayar ba. Da muka isa gida sai ta ɗauko gomesinta mafi kyau, doguwar rigar adon matanmu, ta goge, ta ce in sa a wurin ganawa, kada mutanen Gulu su raina mu.

Na samu aikin.

Aka yi bikin gabatar da ango a gidan Ssenga bayan mun karɓi shaidar digiri. Dangin Ocaya suka zo cikin farar doguwar riga kanzu, dogaye duka, sai da aka ɗaga rumfa. Farfesa Atuhaire ta zo, Ssempijja ya aiko da kaza. Da lokaci ya yi da Ssenga za ta zagaya cikin baƙi ta nuna wa jama'a ango, ta wuce shi da gangan har sau biyu tana rangwaɗa, gumi na keto masa. A na uku ta tsaya, ta maƙala masa fure a ƙirji, ta ce yadda kowa zai ji:

"Wannan ne. Lugandarsa ba ta da kyau, amma ya san abin da mara lafiya ke bukata."

Yanzu muna Gulu mu uku. Ni ke gudanar da asibiti, Ocaya na zuwa daga Kitgum duk ƙarshen mako. Ma'aikatana kuwa, in suna son hutu ko ƙarin kayan aiki, sun daina biyowa ta ofishina. Bayan gida suke zagayawa, wurin Ssenga.