Mayar da Su Inda Ka Same Su

Bahago ne sabon makaɗin ƙungiyar mawaƙan bayan rasuwar tsohon makaɗinsu, kuma tun zuwansa jerin gangunan ƙungiyar ke ba shi wahala, don mai hannun dama aka tsara wa su. Ran nan da aka tashi daga gwaji, dare ya yi, kowa ya watse, sai ya tsaya shi kaɗai ya kwance ƙananan gangunan biyu na sama don ya musanya musu wuri.

Yana durƙushe yana juya noti, ya ji kujerar makaɗi ta yi ƙara. Ya ɗaga kai. Wani tsoho ne zaune a kai, fuska a murtuke, jikinsa na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kai yaro, mayar da su inda ka same su."

"Baba, ta ina ka shigo? Ai na kulle ƙofa."

"Na ce ka mayar. Uban wa ya ba ka izinin taɓa min kaya?"

Ran Bahago ya ɓaci. "Kayanka a ina? Ni ke kaɗa su yanzu. Tashi ka ba ni wuri tun ina ganin furfurarka."

Babbar gangar da ke ƙasa, wadda ake bugawa da ƙafa, ita ce ta amsa, dum, dum, dum, dab da kunnen Bahago, har haƙoransa na haɗuwa. Ya kai hannu a fusace zai cafke ƙafar da ke taka fedar gangar. Abin da ya damƙo ƙafar wando ce, sanyi ƙalau, babu komai a cikinta. Fedar kuwa ba ta fasa bugawa ba.