Ranar da Aka Ɗora Alhaji Tambari a Sikeli

Mariyatu na tankaɗen gero a tsakar gidansu da ke unguwar Gidan Dare a Sakkwato lokacin da muryar mahaifinta ta taso daga zaure ta iske ta. Alhaji Tambari, babban dillalin jar fatar akuya mai manyan motoci bakwai, bai taɓa iya faɗa a hankali ba. Wanda yake yi wa faɗan kuwa Siddiƙu ne, saurayin da ya shekara biyu yana neman aurenta. Yana durƙushe, takalmansa na waje.

"Matuƙin jirgi anka ce mani," in ji Alhaji. "Na ɗauka irin wanda ke kai alhazai Jidda. Ashe wani ɗan abu na mai inji guda da farfela bisa hanci, awa fankar ɗaki. Wa za ka ɗauka ciki?"

"'Yan kwangila, Baba, da injiniyoyi, da attajirai. Babban jirgi sai mutum ya yi shekaru yana mataimaki. Wanga kuwa, da na samu retin…"

"Mi?"

"Hatimin da ake bugawa a lasin, shaidar an yarda in tuƙa irinsa ni kaɗai. Awa shida sunka rage mani tare da malamina, Kyaftin Garba. Kamfunna ukku na jirana, kuma Sakkwato zan riƙa kwana."

"Wato direban Alhaji. Ina da irinka bakwai. In na ce tashi su tashi, in na ce tsaya su tsaya. Ba ni ba direba ɗiyata. Je ka samo babban jirgi."

Mariyatu ta ajiye rariya, ta shige ɗaki, ta kifa kai a filo.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka cika ƙasa, soja na mulki, kowane ɗan kwangila na son ya karya kumallo a Sakkwato ya yi azahar a Kaduna. Aiki ga mai irin wannan hatimi yana nan zube. Amma awa shidan nan sai da suka ci wata huɗu. Wani ƙarfe na injin ya lalace, sabon ya maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ya iso, aka ɗaura, washegari rediyo ya kama kiɗan soja, an yi juyin mulki, aka rufe filayen jirgi. Da aka buɗe, Kyaftin ya kwanta zazzaɓi.

"Kullum saura kaɗan, Siddiƙu," Mariyatu ta ce masa wata la'asar a soron ciki, idonta jawur. "Ƙawayena duk sun yi goyo. Ka karɓi aikin mataimakin babban jirgin mana, ko Baba ya huce."

"In koma Ikko, ki riƙa ganina sau guda a wata? Layin masu jiran zama kyaftin ya kai shekara biyar, Mariya."

"To ni layin wa nike bi?"

Siddiƙu ya tashi ya tafi da baƙin ciki, ita ma ta yi ta kuka har Innarta ta gaji da rarrashi.

Ranar awarsa ta ƙarshe ta faɗo cikin tsananin bazara, tafiyar Kano da tsakar rana. Mai kamfanin jirgin abokin cinikin Alhaji Tambari ne, kuma a ranar Alhaji na da mai sayen fata da zai bar Kano da yamma. Sai aka ba shi kujera. Ya iso filin jirgi da ɗauri tara na fata, tsohon direbansa Mode na ɗingishi a bayansa yana nuna inda za a jibge su.

Siddiƙu ya gan shi. Ya durƙusa ya gaishe shi a kan kwalta mai zafi. Sannan ya dubi kayan, ya dubi takardar lissafin nauyi da ke hannunsa, ya dubi Kyaftin Garba. Kyaftin ya harɗe hannu ya kau da kai, kamar ba da shi ake ba.

"Baba, a yi haƙuri… sai an auna kayan. Kuma kowane fasinja sai ya hau sikeli."

"Ni? In hau sikeli awa buhun gero?"

"Ƙaramin jirgi na, Baba. Iska in ta yi zafi haka ba ta ɗaukar nauyi awa ta safe."

A garin da suruki ba ya haɗa ido da surukinsa, ga yaro na karanta nauyin Alhaji Tambari a gaban leburori da fasinjoji biyu, injiniyoyi daga kamfanin siminti na Kalambaina. Wani lebura ya so danne dariya, bai iya ba. Bai ƙare nan ba: lissafi ya nuna sai an bar ɗauri huɗu.

"Loda su," in ji Alhaji. "Mai jirgin abokina na."

"Ko shi ya zo, Baba, ba ni tashi da su."

"Ka san abin da kake jefarwa?"

Siddiƙu ya ce, "Na sani."

Da ɗauri biyar aka tashi. Suka sauka Kano. A can Kyaftin Garba ya zaro biro ya sa hannu, ya ce, "Tuƙi ka iya tuntuni. Wannan nake jiran in gani." Siddiƙu ya karɓi takardar da ya sha wuya a kanta, ko murmushi bai yi ba. Daren bai yi ba saƙo ya iso gidansu: kada ya sake taka zauren Alhaji da maganar aure.

Wata uku aka yi haka. Wata ƙawar Mariyatu ta ba ta shawara ta gudu gidan gwaggonta, ta ƙi cin abinci har a ji tsoro. Ta ce ba ta kunyata mahaifinta. Kullum ita ke kai masa fura, ta durƙusa, ta tashi. Sai ramewa. Siddiƙu kuwa duk Juma'a ya zo ƙofar gida ya gaida Alhaji, Alhaji ya wuce kamar bango ya yi magana.

Alhaji dai ya kasa barin zancen. Kowa ya samu sai ya ba shi labarin rashin kunyar. Wata rana a mota, hanyar kasuwa, ya sake ɗauko shi karo na ba adadi. Mode ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Lafiya?"

"Alhaji, shekara talatin ina yi maka tuƙi, ban taɓa ce maka a'a ba. Ka tuna ranar da ka ce a ƙara buhu ashirin bisa lodin Gusau? Na san mota ba ta ɗauka. Na ji nauyinka, na yi shiru. Motar ta kife da mu. Ƙafata ga ta, har yau ba ta miƙe ba. Ɗanladi yaron mota da ke zaune gefena, kai ka yi mashi salla." Ya share ido da hannun riga. "Da na iya abin da yaron ga ya yi, da Ɗanladi na da jikoki. Kai ko kana cikin jirgin nan, Alhaji. Ranka ya tsare."

"Ta da mota," in ji Alhaji a hankali.

Kwana biyu bai fita kasuwa ba. Ran Juma'a da Siddiƙu ya durƙusa, sai ya ji an ce, "Shigo."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Ka kunyata ni gaban leburori."

"Na tuba, Baba."

"In an koma, kana sakewa?"

Siddiƙu ya sunkuyar da kai. "Ina sakewa, Baba."

"Ja'iri." Alhaji ya yi tsaki, amma tsakin ba shi da ƙarfi. "Ka ce wa manyanka su zo jibi a sa rana."

Mariyatu, da ke laɓe bayan ƙyaure da ƙwaryar fura, ta sulale ƙasa, furar na zuba a zanenta ba ta ma sani ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren, suka tare a unguwar Arkilla. Da Mariyatu ta gudu, da ta sami mijin ta rasa uban. Haƙurinta ya bar mata su duka biyu. Ku kuma iyaye, ku bar auna mai neman 'yarku da girman abin da yake tuƙawa. Ku duba ko zai iya ce muku a'a cikin ladabi a ranar da rai ke hannunsa. Wanda ya iya wannan, ku ba shi amanarta ku kwantar da hankalinku.